Canza silindar birkin baya a gida

Malam, kana tambaya ko za ka iya canza silindar birkin baya ta tsohuwar Golf ɗinka a gida tunda silindar tana yoyon man birki. Za ka iya, amma canza duka biyun, hagu da dama. In mai ya jiƙa shu ɗin birki, wato abin da silindar ke turawa ya riƙe taya, sa sabo, wanki ba ya gyara shi.

Wahalar tana wurin notin fayif ɗin da ke kawo wa silindar man birki. Na taɓa murɗe nawa a Daura saboda tsatsa, sai Katsina na samo wani. Fesa masa man sassauta tsatsa ya kwana, ka kwance a hankali da sifana lamba 11. Bayan ka ɗaura, sa wani ya riƙa taka birki kana fitar da iska. In fedal bai yi tauri ba, don Allah kada ka hau titi.