Asibiti ko ɗakin bincike? Amsoshin wasiƙunku na wannan mako

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci BAC D, jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya, bana a nan Maradi. Innata ta rasu shekara biyu da suka wuce da ciwon dajin mama, sai da ya ci jiki sannan aka kai ta Yamai. Tun daga lokacin raina yake son sanin abin da ke kawo wannan ciwo. Baba yana son in karanta likitanci, ni kuma binciken ƙwayoyin halitta da cutar daji nake so. Wanne zan ɗauka? Kuma ana cin abinci da bincike kuwa? Daga wata ɗaliba a unguwar Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƴata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta.

Bari in fara nuna miki aikin, don da yawa sunansa suke so, ba su taɓa ganin yininsa ba. Mai bincike ba ya ganin marar lafiya, ɗan guntun tsokarsa ko jininsa yake gani. Da safe za ki sa safar hannu, ki jera ƴan bututun roba a kan ƙanƙara, kowanne bai kai ɗan yatsanki tsawo ba. Ki riƙa ɗiga musu ruwan da bai kai ɗigon hawaye ba, kina ƙirgawa a zuci, don in kin tsallake bututu ɗaya ido ba zai gaya miki ba. Sai ki sa su a injin PCR mai ninka DNA, wato sinadarin gado na jiki, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro dabararsa a 1983. Injin ya ɗaga zafi zuwa digiri 95, ya sauke, ya ɗaga zuwa 72, haka kamar sau 30, har guntun DNA ɗaya ya zama miliyoyi. Da la'asar ki kashe fitila ki duba sakamako, kina neman wani siririn layi mai haske. Sau da yawa ba ya nan. Washegari ki sake daga farko.

Ni kaina na taɓa yin wata takwas ina tara samfur a wata firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta bai tashi ba, ranar Litinin muka tarar komai ya narke. Mutane ne suka yarda aka ɗebi jininsu don a taimaki wasu, wannan shi ya fi yi mini ciwo. Na gaya miki ne don ki auna haƙurinki tun yanzu.

To me ake nema da duk wannan wahala? Jikinmu ƙwayoyin halitta ne, suna rabuwa suna sabunta kansu bisa umarnin da ke rubuce a DNA, wanda a lakwal kuke ce wa ADN. Haruffansa iri huɗu ne kacal, amma jerinsu ya kai biliyan 3, kuma a ciki akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Wasu kamar ƙaimi suke, suna cewa ƙwaya ta rabu. Wasu kamar linzami, suna cewa ta tsaya. Ciwon daji doki ne da aka yi ta suka da ƙaimi alhali linzaminsa ya tsinke. Babban linzamin da aka sani shi ne p53, an gano shi a 1979, kuma kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana samun sa a lalace.

Ga inda maganar ta shigo gidanmu. A 1991 masu bincike suka duba dajin hanta na mutanen kudancin Afirka da na wani yanki na ƙasar Sin, suka ga p53 ya lalace a wuri guda, mazauni na 249. Mai yin wannan ɓarna guba ce mai suna aflatoksin, wadda fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin ya ninka sau da yawa. Maradi kuwa da gyaɗa aka san ta tun zamanin kakanni, ciwon hanta kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu. Haka dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958: ta kansa aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, kuma yana bin wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Dajin maman da ya ɗauki Inna ma, Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi likitanci a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Shikago, ta yi shekaru tana nuna cewa a matan Afirka ta Yamma ya fi zuwa da wuri, kuma nau'in da ya fi wuyar magani ya fi yawa. Waɗannan tambayoyi namu ne. Wanda ya san yadda ake shanya gyaɗa a Madarunfa, ya san abin da ke sa mace ta ɓoye ƙullutun mamanta wata shida, ya riga baƙo da nisa kafin ma a shiga ɗakin bincike.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko: lisans, wato digirin farko, shekara 3 a fannin ilimin halittu ko sinadaran jiki, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sai masta shekara 2, sai digirin dakta shekara 3 zuwa 4. Kafin a kira ki mai bincike, shekara 8 zuwa 9 sun tafi, kuma a mafi yawansu da tallafin karatu za ki rayu. Ta biyu: likitanci tukuna, sannan ki ɗora bincike a kai. Ta fi tsawo, amma kina da sana'a a hannu tun a tsakiyar hanya.

Da ke ƴar cikina ce, ga abin da zan ce. In kin samu gurbin likitanci, kuma zama da marasa lafiya bai fi ƙarfin zuciyarki ba, ki karɓa. Baba bai yi kuskure ba. Likita na iya zama mai bincike, mai bincike kuwa ba ya iya duba marar lafiya. Daga baya ki nufi fannin likitocin da ke duba tsokar da aka yanko su faɗi ko daji ne, kuma wane iri. Su ne gadar da ke tsakanin asibiti da ɗakin bincike, kuma ƙasarmu na ƙishinsu ƙwarai. Cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai ta fara gashi da haske a 2021, amma ba a gasa abin da ba a tantance ba. In kuwa kin san jinya ba taki ba ce, kada ki zauna a kujerar wani shekara bakwai don kunyar Baba. Ki ɗauki ilimin halittu, ki riƙe shi da hannu biyu, ki nemi kawunki ko malamin da Baba ke jin maganarsa ya raka ki ku yi masa bayani. Kafin nan, ki roƙi a bar ki ki yi mako biyu a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti kina kallo. Abin da ido ya gani ya fi abin da zan rubuta miki.

Batun cin abinci, ana ci, sai dai tukunyar tana daɗewa a wuta. Aikin yana koyarwa a jami'a, da cibiyoyin binciken lafiya irin CERMES ta Yamai, da ɗakunan gwajin asibitoci. Mai neman kuɗi da sauri kasuwa ta fi masa.

Abu biyu ki fara tun yau. Ingilishi, don kusan duk sakamakon bincike da shi ake bugawa, Faransanci kaɗai ba zai kai ki ba. Sannan in lokacin masta ya zo, malami za ki zaɓa, ba sunan ƙasa ba. Ba sai an haye teku ba: akwai ɗakin binciken Farfesa Jacques Simporé a Wagadugu, akwai Cibiyar Pasteur ta Dakar, akwai cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Gana, ga Zariya da Kano a maƙwabta. Ki nemi tsofaffin ɗaliban malamin ki tambaye su a keɓe: nawa suka gama, a shekara nawa, akwai kuɗin sayen kayan gwaji ko alkawari ne kawai? Ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya tana ba mata daga ƙasashe irin tamu tallafin digirin dakta, ki riƙe sunan. Maganar aure ma ki yi ta a fili da duk wanda ya fito, ya san tsawon hanyar tun kafin a sa rana.

Tambaya: Malam, ɗana yana shekara ta biyu a fannin ilimin halittu, yana cewa binciken daji zai yi. Na ware jika 350 in yi masa sayayya. Na ga madubin likita a wani shago a Kano, ya burge ni. Shi zan saya ko kwamfuta? Daga wani ɗan kasuwa a unguwar Ali Dan Sofo.

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya sa yaron ya amfana. Kwamfuta za ka saya, ba na ko tantama.

Madubin likita na nuna ƙwayar halitta, amma abin da ɗanka zai yi aiki a kai ya fi ƙarfinsa. Kaurin zaren DNA nanomita 2 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), madubi mai aiki da haske kuwa ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Kuma ko ƙwayar ce zai duba, sai da launuka da injin yanka tsoka siriri, waɗanda ba a ajiyewa a gida. Na jami'a ya ishe shi. A kwamfuta kuwa, daga ɗakinsa zai iya buɗe bayanan TCGA, wani babban aikin Amurka da ya tattara bayanan marasa lafiya fiye da 11,000 a nau'in daji 33, kyauta. Rumbun PubMed na takardun bincike da GenBank na jerin DNA kyauta ne, manhajojin lissafi R da Python ma haka. Yaron da ya iya waɗannan kafin ya gama lisans, takardarsa ba ta kwana a ƙasan tari in ya nemi tallafi.

Kada ka bi ƙyalli. Gwanjo mai kyau daga jerin kwamfutocin ofis, irin su ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, ya fi sabuwa mai arha ƙarko. A nemi RAM 16 GB, in ya gagara 8 wadda ake iya ƙara wa, da ma'ajiya irin SSD mai 512 GB, da Core i5 daga zubi na 8 zuwa sama. Ka tafi da yaron. Ya buɗe cikin kwamfutar ya karanta abin da ta ce da kanta, don takardar da aka manna a jiki kowa na iya manna ta. A zare caja a bar ta tana aiki awa guda a gabanku, a ga yadda batir ke sauka. A taɓa kowane harafi, a saurari fanka, a ji ko ƙasanta na ƙona hannu, don zafin watan Afrilu a Maradi da ƙurar hunturu ba sa raga wa inji. Wani abu da ake mantawa: kwamfutar Kano jerin haruffanta na Ingilishi ne, ɗanka kuwa da Faransanci yake rubutu. Ana iya sauya tsarin a ciki, amma ya gwada a shagon ya ga ko zai saba. Canjin da ya rage a sayi na'urar kare ta daga hawa da saukar wuta, da ma'ajiyar waje da zai riƙa kwafe aikinsa duk Juma'a, sauran ya tafi a kuɗin intanet.

Tambaya: Malam, ƙuli-ƙuli nake yi. Ana kawo mini gyaɗa ɓararriya mai karaya da motsattsun ƙwayoyi, tiyarta ta fi arha sosai. Jikata ta ce tana sa ciwon hanta. Ai wuta na kashe komai, ko? Daga wata uwa a Tibiri.

Amsa: Hajiya, jikarki ta yi gaskiya, Allah ya yi mata albarka. Wuta na kashe fumfuna, amma gubar da ta riga ta zuba ba ta tafiya da suya irin tamu. Kuma a ƙwayoyin da suka karye, suka motse, ko suka sauya launi ta fi taruwa. In aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙulin da yara ke saye a hanyar makaranta.

Ki sayi mai kyau ko da ribar za ta ragu, gara ma mai ɓawonta, wadda in kin girgiza za ki ji tana ƙara alamar ta bushe. Ki baza a faifai da rana ki tsince duk mai baƙi, mai kore, mai rami, da mai ɗaci. Tsintar nan kaɗai tana rage gubar da yawa. Buhu kada ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da bango, a ɗora shi a katako. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu binciken cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi suka yi aiki a kansa don ajiyar wake, yana yi wa gyaɗa amfani, muddin ta bushe ƙayau kafin a ɗaure. Ki kai mutanen gidanki a yi musu gwajin ciwon hanta nau'in B, ki kuma duba katin rigakafin jikokinki ko sun cika allurar Penta, don rigakafinsa na cikinta. Wadda kika tsince kuma kada ki zuba wa akuya ko saniyar da ake tatsa, gubar na fita a nono. A haƙa rami a binne ta.