Gabana na faɗuwa kamar zan mutu, amma likita ya ce lafiyata lau

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27, ina da aure da 'ya'ya biyu. Wata huɗu ke nan wani abu yana taso mini haka kawai: gabana ya yi ta dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto, yatsuna kamar ana tsira musu allura, in ji lallai ajali ne ya zo. An gwada zuciyata an ce ba komai. Surukata ta ce iska ce. Yanzu ko Babbar Kasuwa ba na shiga, biki ma na daina zuwa. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar kwantar da hankali mai suna diazepam. Anti, haukacewa nake yi?

Maman Abba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba hauka ba ne. Abin da kika siffanta ya yi kama da ciwon firgici, kuma ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. Jiki ne ke sakin sinadarin adiranalin kamar kin yi arba da maciji, alhali ba macijin. Zuciya ta ƙara gudu, ke kuma ki yi ta haki. Hakin nan yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, shi ke kawo jiri da tsirar yatsu. Yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, galibi ya lafa kafin rabin awa. Firgicin kansa ba ya kisa.

In ya taso, zauna, ɗora hannu a ciki, shaƙi numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar a hankali kina ƙirga shida. Ki zauna inda kike har ya wuce.

Ƙauracewa kasuwar nan ita ta fi damuna. Duk wurin da kika gudu daga gare shi, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka gudun ne ya cece ki, gobe tsoron ya ƙaru, har mutum ya kasa leƙa ƙofar gida. Ki koma sannu a hankali: da farko minti 10 a bakin kasuwa da safe tare da 'yar'uwarki, sannan ki shiga layi ɗaya, sannan ke kaɗai.

Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. A duba miki ƙarancin jini, sukari da aikin ƙwayar maƙoshi mai haddasa maƙoƙo, domin su ma suna kawo irin wannan bugun. Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da ake kira CBT, da ƙwayoyi irin su sertraline ko fluoxetine. Ƙwayoyin sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji daɗinsu, a makon farko ma abin na iya ɗan tsananta. A nan ne da yawa ke yar da magani su ce bai karɓe su ba. Ko an ji sauƙi, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida.

Diazepam kuwa jiki na saurin sabawa da shi. In kin jima kina sha, kada ki yanke shi lokaci guda, likita zai rage miki kaɗan-kaɗan. Ki rage goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari.

Ki riƙe azkar ɗinki, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ki tafi da maigidanki ya ji bayani daga bakin likita, shi zai fi iya fahimtar da Hajiya surukarki. Amma ranar da ciwon ƙirji ya sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, to a garzaya da ke sashen gaggawa nan take.