Wasiƙar Neman Aikin Nazarin Kasuwanci ga Wanda Bai Taɓa Yin Aikin Ba

Tambaya: Malam, na karanta tattalin arziki a Jami'ar Tarayya ta Dutse, na kuma kammala bautar ƙasa. Ina neman aikin mai nazarin harkokin kasuwanci, amma ban taɓa aikin ofis ba, sai riƙe wa mahaifina lissafin riɗin da yake saye a kasuwar Maigatari. Me zan rubuta a wasiƙar da za ta raka takarduna?
Wani matashi daga ƙasar Gumel.

Amsa: Ɗana, littafin lissafin nan shi ne jarinka. Aikin da kake nema shi ne gano inda kasuwanci yake yoyo, a kawo maganinsa da hujjar alƙaluma, saboda haka ka bayyana yadda ka kwatanta farashin buhu a lokacin kaka da na bazara, da kuɗin mota da ladan dillali, har ka nuna wa mahaifinka lokacin da sayarwa ta fi riba. Ka ambaci Excel, tsarin lissafi na kwamfuta, idan ka iya shi da gaske, domin za a iya gwada ka ranar ganawa. Jarrabawar ECBA, ta samun shaidar matakin farko a nazarin kasuwanci, wadda ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya (IIBA) take shiryawa, ba ta buƙatar ƙwarewar aiki, kuma tana ƙara wa wasiƙa nauyi.

Kada ka buɗe da ban-haƙuri kan rashin ƙwarewa. Ka ambaci sunan kamfanin da guraben da suka tallata, kuma wasiƙar ta tsaya a shafi ɗaya.