Kuɗin bashi ba jarinka ba ne

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya cewa ya karɓi bashin 600,000 wanda zai biya a dunƙule bayan wata 6. Yanzu wata 2 sun shuɗe bai ajiye komai ba, domin duk abin da ya shigo hannunsa yana mayar da shi cikin kaya. Yana neman shawara ko ya zuba wani kaso a wata harka da aka ce tana ninka kuɗi cikin wata guda, ya biya bashin da ribarta.

Malam, batun ninka kuɗi ba zan tsaya a kansa ba, domin wanda ya iya ninka kuɗi cikin kwana 30 ba ya bukatar naka. Ka fita daga wannan zance tun kafin ka haɗa bashi da asara.

Kuskurenka na gaske shi ne kana kallon duk kuɗin da ke cikin aljihun tebur a matsayin jarinka, alhali a cikin cinikin kowace rana akwai kason da ba naka ba ne, na mai binka ne. Ka ɗauki biro ka lissafa. Da ka fara ajiya tun ranar da ka karɓi bashin, a kan kwana 26 na aiki a wata, abin da za ka riƙa cirewa kullum bai kai 3,900 ba. Yanzu da ya rage wata 4, ya koma kusan 5,800. Idan ka ƙara jinkirin wata guda, zai kusa 7,700, kuma ribarka ba ta ƙaruwa don ka makara.

Na san abin da za ka ce, wai kuɗin da aka ajiye ba ya haihuwa. Na taɓa zama da wani mai shago da ya riƙe wannan magana har ranar biya ta zo. Kantocinsa cike suke maƙil har rufi, amma tsabar kuɗin da ke hannunsa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na bashin ba. Ina tsaye yana buga wa masu sari waya ɗaya bayan ɗaya, su kuwa da suka ji a muryarsa cewa a matse yake, sai suka yi ta karya farashi. Ya sayar ƙasa da yadda ya saro, ya biya a makare, wanda ke ba shi kaya bashi kuma ya daina. Rana ba ta ƙarya, kuma kaya ba sa zama kuɗi a ranar da kake so.

Saboda haka ka buɗe asusu na dabam wanda ba ka yawo da katinsa, ka cire kason bashin kafin ka sari kaya, kafin ka ɗauki na gida, ba wai abin da ya rage ba, domin babu abin da zai rage. Ka rubuta kowace ajiya da kwanan watanta. Haka za ka yi wa kuɗin haya da haraji, tunda su ma ka san ranarsu.

Idan ka gwada mako 2 ka ga ribarka ba ta ɗaukar 5,800 a rana, kada ka ɓoye. Ka je wurin mai binka yanzu da littafinka a hannu, ka kai masa abin da ka tara, ka nemi a raba maka sauran biyan wata-wata.