Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ke yi wa kansa allurar penta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya fara yi wa kansa allurar penta (wato pentazocine, maganin kashe ciwo mai ƙarfi da ke sa jaraba), wata ma'aikaciyar lafiya ta ce ki riƙa samo masa sabon sirinji, ke kuma kina tsoron ko ɗaure wa ɓarna gindi za ki yi. Na san wannan tsoron, ni ma na sha shi a kan ɗan yayata.

Namu kodin da taramol yake sha. Muka kai shi gidan mari wata shida, ya dawo ya yi fes, muna ta hamdala. Sati bai cika ba ya koma majalisarsu, ya sha daidai abin da ya saba sha a da. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa idan jiki ya huta juriyarsa raguwa take yi, adadin jiya sai ya tsayar da numfashi yau. A wani kango a unguwar Kurna ta Kano aka same shi, yana minshari, leɓɓansa sun yi duhu, abokansa na ta ɗura masa madara. Don Allah kada a ɗura wa wanda ya suma komai, shaƙe shi yake yi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi adaidaita sahu, a yi asibiti. Can aka yi masa allurar naloxone, wadda ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, numfashinsa ya dawo.

Batun sirinji kuwa, ko kin ba shi ko kin hana, yau zai yi allurar. Abin da ke hannunki shi ne ko da sabuwa zai yi, ko da wadda mutum biyar suka soka, ya kwaso ƙanjamau ko ciwon hanta, ga gyambo. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa idan cuta biyu suka haɗu, mafi sauƙi ake ɗauka.

Kuma ki daina jin kamar gidanku kaɗai ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 a jihar Kano sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda.

Ɗan yayata sai da ya ƙara shekara uku yana bari yana komawa kafin ya daina. Duk tsawon lokacin ba mu rufe masa ƙofa ba, tuwonsa na nan a rufe. Ki koma wajen ma'aikaciyar nan, ki roƙi a yi masa gwajin jini, in ya yarda ku tafi tare. Allah ya ba shi lafiya.