Kada ka sa "zauj" a wurin dyad

Ka tambaya ko kalmar Turanci dyad da ka gani a babin rabuwar ƙwayar halitta za a fassara ta zuwa Larabci da "zauj", tunda ƙamus ya ce ma'anarsa abu biyu. Kul, yaro! Kalmar nan ta taɓa cinye wa shagon nan kuɗin littafi guda.

Ita kanta "zauj" baki biyu gare ta. A Suratun Najmi, aya ta 45, "zaujaini" namiji ne da mace, kowannensu zauj ne ke nan, amma a littattafan kimiyya zauj biyun ne a haɗe. Wannan ai ba sai na koya maka ba.

Ƙwayar mutum tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da gadon halitta) 46, zauj 23, a kowane zauj ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kafin rabuwa kowanne yana kwafar kansa, ya zama tsagi biyu manne a kunkumi. Tsagin shi ne kuromatid, da Larabci "shiƙƙu sibgiy". A rabuwar da ke samar da maniyyi da ƙwai, na uwa da na uba suna jeruwa, tsagi huɗu, "ruba'iyya". Rabuwar farko ta raba su, kowace ƙwaya ta sami 23 masu tsagi bibbiyu. Su ne dyad, ka rubuta "suna'iyya". Kuromosom ɗaya ne, ba shi da aboki.

Wani yaro da ya zauna a kujerar nan taka ya sa zauj a duka biyun, haɗin na uwa da na uba da kuma dyad. Babin ya fito yana cewa zauj 23 kafin rabuwa, zauj 23 bayanta. Ragin nan daga 46 zuwa 23 da aka rubuta babin dominsa ya ɓace, hoto yana nuna abu ɗaya, rubutun ƙarƙashinsa yana faɗin wani. Sai da aka buga, aka ɗinke, malamin aji ya gano. Mai littafin ya riƙe cikon kuɗin gaba ɗaya kan shafi uku, ya karɓi gyaran kyauta, ya liƙa, ya ci gaba da sayarwa. Har gobe bai biya ba, kuma ban yafe ba.

Ku 'yan yanzu kalmar farko da waya ta ba ku ita kuke ɗauka. Ƙirga tsagin da ke cikin hoton kafin ka taɓa ƙamus. Ka kuma tambayi inda za a karanta littafin: Siriya "sibgiy" suke rubutawa, Masar "kuromosom". Ka riƙe ɗaya har ƙarshe.