Ku Tambaya Mu Amsa: Watan Satumba a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan zari-ruga irin na Amurka, wanda jami'o'i ke bugawa ranar Asabar. Ga wanda bai taɓa kallo ba: fili yadi 100 ne, yadin da ake auna shadda da shi, kuma kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Kai ƙwallo ƙarshen fili, wato tacdawun, maki 6 ne. Bugawa tsakanin sanduna maki 3.

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Ohio State, kullum zancensa ƙwallon makarantarsu. Ina so in riƙa bin wasannin don mu sami abin hira. Yaushe ake farawa, kuma da ƙarfe nawa a agogonmu? Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Kaka tana buɗewa a ƙarshen Agusta, kowace jami'a tana da wasa 12 zuwa ƙarshen Nuwamba, da makon hutu a tsakani. Columbus, garin da ɗanka yake, yana kan agogon gabashin Amurka, kuma Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gabansa da awa biyar. Wasan ƙarfe 12 na rana a can ƙarfe 5 na yamma ne a Zariya, na 3:30 ya zama 8:30 na dare, na 7:30 kuma 12:30. In suka yi tafiya yammacin ƙasar, kamar Oregon ko Washington, wasan dare yana iya faɗowa 3:30 na tsakar dare. Mutanen Ghana su rage awa ɗaya a wannan lissafin, na Sudan su ƙara ɗaya. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba Amurkawa suna mayar da agogonsu baya, tazarar ta koma awa shida. A nan ne mutane da yawa ke kunna talabijin su tarar ba a fara ba.

Ka yi sa'a, domin tashar Fox tana yawan sa Ohio State a wasan ƙarfe 12. Minti 60 ne a rubuce, kashi huɗu na minti 15, amma da tsayawar agogo da tallace-tallace yakan haura awa uku. Hutun rabin lokaci minti 20 ne, kuma a Satumba yakan faɗo daf da magariba. Abu ɗaya kawai: kada ka dogara da jadawalin da ka gani a Agusta. Gidajen talabijin ne ke tsayar da lokacin yawancin wasanni, saura kwana 12, wani lokaci saura kwana 6. Duba shafin jami'ar a farkon kowane mako. In kallon kai tsaye bai samu ba, akwai taƙaitaccen wasa a YouTube da safiyar Lahadi, ya ishe ka hira da yaron.

TAMBAYA: Ƙungiyar da nake goyon baya ta ci wasanta uku na farko, kowanne da tazara mai yawa. Abokaina sun ce in yi shiru tukuna. Hassada ce ko da gaskiyarsu? Daga wani matashi a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, da gaskiyarsu, ko da hassadar na ciki. Fara da tambayar wa aka doke. Jami'o'in babban mataki, FBS, sun haura 130, kuma tsakanin ta sama da ta ƙasa akwai tazara kamar ta babban kulob da ƙungiyar unguwa. Ƙarƙashinsu kuma akwai matakin FCS. Babu wasan gwaji kafin kaka kamar yadda ake yi a NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, saboda haka manyan jami'o'i suna gayyato ƙanana gidansu a Satumba, su biya su kuɗi mai tsoka, ƙaramar ta karɓi cak ta sha duka ta koma gida. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta san wannan ciniki: a nasara shida da ake buƙata kafin a cancanci wasan ƙarshen kaka, ɗaya kawai ake ƙirgawa daga kan 'yan FCS.

To me za ka duba in ba maki ba? Na farko, kada ka ruɗu da jimillar yadi. Raba ta da yawan yunƙurin da aka yi. A ce wata ƙungiya ta ci yadi 420 a yunƙuri 84, wata kuma 390 a yunƙuri 56. Ta farko tana cin yadi 5 a kowane yunƙuri, ta biyu kusan 7. Ta biyu ce mai haɗari, ta farko sauri kawai take yi. Yi wa masu tsaron bayanku irin wannan lissafin, sannan ka tsaya a rabin farko. Da zarar tazara ta yi yawa koci yakan cire manyan 'yan wasa, abin da ya biyo baya wasan yara ne da yara, bai gaya maka komai game da Oktoba ba.

Na biyu, ƙirga sau nawa abokan karawa suka ba ku ƙwallo kyauta. Ƙwallon nan ba mulmulalle ba ne, in ya suɓuce ya faɗi ƙasa ba wanda ya san inda zai yi tsalle, tsintarsa rabo ne. Ƙungiyar da ke cin wasa da tsintuwa a Satumba, wata rana tsintuwar za ta koma wa wasu.

Na uku shi ne wanda muka fi ba muhimmanci, kuma kamara ba ta son nuna shi: ƙattan nan biyar da ke durƙusawa a gaban kwatabak, mai jifa. Ɗauke ido daga ƙwallo na yunƙuri goma a jere, ka zuba musu ido. In aka miƙa ƙwallo baya, ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci. In kafin ka kai uku wani ya riga ya ratsa ya dafa kwatabak, kuma ƙaramar jami'a ce ke yin haka, akwai matsala. Duba kuma lokacin da ya rage yadi ɗaya a dama ta uku, kowa a filin ya san gudu za a yi. Shin katangar tana tura mutane baya, ko ita ake turowa? Aikin mutum biyar ɗin nan na haɗin baki ne, wane ya riƙe wane, kuma yanzu da 'yan wasa ke sauya jami'a kowace shekara, sau da yawa uku daga cikinsu ba su taɓa buga wasa tare ba kafin Agusta. Ka lura da wani abu a takardar ƙididdiga: a jami'a, in an kayar da kwatabak kafin ya jefa, yadin da aka rasa daga lissafin gudu ake cire shi, ba daga na jifa ba. Sai ka ga lambar gudu ta yi muni alhali laifin ba na masu gudun ba ne.

Colorado ta 2023 ita ce darasin. Koci Deion Sanders ya zo, suka doke TCU 45 da 42, suka doke Nebraska, suka doke Colorado State, duniya ta ɗauka. Amma tun a waɗannan wasannin ana ta kayar da kwatabak ɗinsu, Shedeur Sanders. Wasa na huɗu Oregon ta ba su 42 da 6. Sun gama kakar da nasara 4 da faɗuwa 8, shi kuma an kayar da shi fiye da sau 50. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan wasan miya tana ƙarewa ne ranar da aka shiga wasannin cikin rukuni, wato gungun jami'o'in da ke karawa da juna su fitar da zakaransu.

TAMBAYA: Mun faɗi a wasa na biyu, kuma a gida. Maigidana ya ce kaka ta ƙare. Haka ne? Daga wata baiwar Allah a zangon Kumasi.

AMSA: Hajiya, a da maganar maigida tana da ƙarfi. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiya huɗu kacal ke shiga gasar neman kofi, kuma ba a taɓa ɗaukar mai faɗuwa biyu ba. Daga 2024 guraben sun koma 12. A kakar 2024 da ta 2025 tsarin shi ne zakarun rukuni biyar mafi matsayi su shiga kai tsaye, kwamiti ya zaɓi sauran bakwai. Saboda haka tambayi maigida: wadda ta doke ku 'yar rukuninku ce? In ba ita ba ce, hanyar zama zakaran rukuni tana nan a buɗe kamar ba a yi komai ba.

Ranar 7 ga Satumba 2024 Notre Dame, tana matsayi na 5 a jerin manyan ƙungiyoyin ƙasar, ta biya Northern Illinois dala miliyan 1.4 don ta zo ta sha kashi. Baƙin suka ci 16 da 14. Notre Dame ba ta ma da rukuni, ba ta da waccan ƙofar, amma ta ci wasa 13 a jere har ta kai wasan ƙarshe. Wadda ta doke ta a can 34 da 23, Ohio State, ita ma ta faɗi sau biyu a kakar, a hannun Oregon da Michigan. Ko a tsohon tsarin, Ohio State ta 2014 ta faɗi a gida a mako na biyu, Virginia Tech ta ba ta 35 da 21, kuma ita ta ɗauki kofin a Janairun 2015.

Sai dai faɗuwa iri-iri ce. Notre Dame an cafke mata jifa biyu, an kuma tare bugunta na ƙarshe. Irin wannan ana gyara shi a mako guda. Ohio State ta 2014 sabon kwatabak ne a wasansa na biyu, a bayan katangar da yawancinta sababbi ne. Wannan lokaci yake buƙata. Ki kwatanta da Florida State ta 2024. Ta fara a matsayi na 10, Georgia Tech ta doke ta 24 da 21 a Dublin, sannan Boston College ta ba ta 28 da 13, inda ta ci yadi 21 kacal da gudu, aka ci mata 263. Wannan fin ƙarfi ne a gaba da baya, kuma koci ba ya iya sayo ƙatti a tsakiyar kaka. Ta gama da nasara 2 cikin 12. Ki nemo takardar ƙididdigar wasanku ki ga wanne ne naku.

TAMBAYA: Mece ce lambar da ake sawa a gefen sunan wasu ƙungiyoyi? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Malam, matsayi ne a jerin 25 na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda aka fara a 1936. 'Yan jarida sama da 60 ke jefa ƙuri'a, ta ɗaya a takardar mutum maki 25, ta ƙarshe maki 1, a tara a fitar ranar Lahadi. Jerin farko yana fitowa a Agusta, kafin a buga ko wasa ɗaya, wato hasashe ne da sunan gida. A 2007 Michigan tana ta 5 lokacin da Appalachian State, 'yar FCS, ta doke ta 34 da 32 a gaban mutane sama da dubu ɗari. Mako na gaba ba ta cikin jerin gaba ɗaya. A 2025 Texas ce ta ɗaya, ta faɗi 14 da 7 a wasan farko, Penn State ta biyu ta kori kocinta a Oktoba, Indiana da ta fara a ta 20 ta ɗauki kofi ba tare da faɗuwa ba. Jerin AP ba ya shigar da kowa gasar kofi. Na kwamitin ne ke da wannan ikon, shi kuma sai farkon Nuwamba yake fara fitowa.

TAMBAYA: Akwai yaron da ya burge ni a wasannin farko, yanzu ba na ganinsa, kuma ba a ce ya ji rauni ba. Ina ya shiga? Daga wani mai shago a Garoua.

AMSA: Alhaji, ƙirga wasannin da ya buga. In huɗu ne cif, mai yiwuwa an sa masa abin da suke kira jar riga. A tsarin da aka bi a kakar 2025, ɗan wasa yana da kaka huɗu da zai buga cikin shekara biyar, kuma dokar da aka kawo a 2018 ta ce in bai wuce wasa huɗu ba, ba a ƙirga masa wannan kakar. Koci yakan ɗana wa sabon ɗalibi wasa a Satumba, sannan ya ajiye shi ya ƙara ƙwari. Wani lokaci yaron ne da kansa ke janyewa don ya tafi wata jami'a da shekararsa a aljihu. Haka Kelly Bryant ya yi a Clemson a 2018: bayan wasa huɗu aka ba Trevor Lawrence matsayinsa, ya tattara ya tafi Missouri.

In kuwa rabin wasa kawai ya ɓace, duba wasan da ya gabata. Wanda aka kora don ya kai wa abokin karawa karo da ƙoƙon hular kwano, ko ya nufi kai da wuyan wanda ba ya cikin halin kare kansa, in a rabi na biyu abin ya faru, a dokar da aka bi har kakar 2025 ba ya buga rabin farko na wasa na gaba. Game da rauni kuma, kociyoyi sun saba rufa-rufa, amma rukunin Big Ten tun 2023 yana tilasta fitar da sunayen waɗanda ba za su buga ba awa biyu kafin wasa, SEC kuma tun 2024 tana fara fitar da nata daga ranar Laraba. In ƙungiyarka tana ɗaya daga cikinsu, nemi sunan yaron a wannan takardar. In ba ya ciki, kuma ba ya fili, koma kan ƙirgar wasa huɗun.